Kwalta a Sama, Dagwalo a Ƙasa: Tambayar da Kwarin Rima Zai Yi Kafin a Fara Haƙa

A ƙarshen watan Afrilun 2008, wasu agwagin daji da ke kan hanyarsu ta komawa arewa bayan wucewar sanyi suka hango wani makeken ruwa a lardin Albata na ƙasar Kanada, suka sauka domin su huta. Ruwan tafki ne na kamfanin Syncrude, inda yake zubar da dagwalon da ke fitowa daga masana'antarsa ta tace kwalta daga yashi. A saman ruwan akwai kwalta tana yawo faci-faci, baƙa ƙirin, mai danƙo. Duk tsuntsun da ya taɓa ta sai fukafukansa su manne, ya kasa tashi, nauyinta ya ja shi ƙasa. Da aka gama ƙirga, agwagi 1,606 ne suka mutu. A shekarar 2010 kotu ta sami kamfanin da laifi, aka ci shi tarar dala miliyan 3 ta Kanada. Tun kafin wannan rana kamfanonin yankin suna kafa mutum-mutumi a kan ruwa, suna kuma dasa bututan da ke ƙara kamar bindiga domin korar tsuntsaye, amma hotunan agwagin nan da suka zaga duniya sun jawo hankalin jama'a ga kwaltar da ke tasowa saman tafkunan da kuma aikin kwashe ta.

Manomin albasa a Wurno ko masunci a Goronyo yana da damar cewa wannan labarin nesa ne, kuma da gaskiyarsa ta wani ɓangare. Sai dai akwai wata magana da kamfanonin haƙar ma'adinai ke faɗa wa kowace al'umma da suka je nema wajenta, daga Kanada har Afirka, wato cewa sharar da za su bari ba abin damuwa ba ce, domin akwai fasahar da za ta kwashe ta, har ma a ci riba da ita. Kwashe kwalta daga saman tafki shi ne misalin da ya fi kowanne fitowa fili na wannan alkawari, shi ya sa ya cancanci a dube shi da kyau. Ra'ayina shi ne aikin yana da amfani na gaske, amma amfaninsa ya tsaya a kan abin da ido ke gani kuma kasuwa ke saye. Abin da ke kwance a ƙarƙashi, wanda shi ne mafi yawa kuma mafi daɗewa, yana nan yana jiran wanda zai biya kuɗin gyaransa. Saboda haka yankin da rayuwarsa ta dogara ga gulbi da fadamarsa, irin Wurno da Rabah da Goronyo, bai kamata ya karɓi alkawarin kwashewa daga baya ba a madadin sharaɗin da ake gindayawa tun kafin a sa diga a ƙasa.

Sai mun fahimci yadda tafkin ke samuwa kafin mu auna maganar. A yankin kogin Atabaska, kusa da garin Fort McMurray, man fetur ba ya kwarara daga rijiya kamar na yankin Neja Dalta. Kwalta ce mai kauri cakuɗe da yashi da yumɓu, kuma a cikin ƙasar da ake haƙowa kusan kashi 10 cikin 100 ne kawai kwaltar. Ana buƙatar wajen tan 2 na wannan ƙasa kafin a sami ganga ɗaya ta mai, wato lita 159. Hanyar rabawa ta samo asali daga binciken wani masani mai suna Karl Clark a shekarun 1920: a niƙa ƙasar, a dama ta da ruwan zafi, a hura mata iska, sai kwaltar ta liƙe wa ƙwayoyin iskar ta taso sama a matsayin kumfa, a yaɗe ta. Daga nan a zuba wa kumfar wani mai marar kauri, wato man tsinkawa, domin ta saki sauran ruwa da ƙasar da ke jikinta. Da wannan dabara kamfanin da yanzu ake kira Suncor ya fara aiki a 1967, Syncrude ya biyo baya a 1978. Ana samun kamar kashi 90 cikin 100 na kwaltar. Ragowar, tare da ruwan wanki da yashi da yumɓu da ɗan abin da ya tsere na man tsinkawa, duk sai a tura su ta manyan bututu zuwa tafki. Yashi mai nauyi yana kwantawa nan take, har da shi ake ƙara tsayin ganuwar tafkin. Ruwan da ya ɗan tsarkaka a sama ana mayar da shi masana'anta a sake wanki da shi. Yumɓun ne ya ƙi jin magana. Bayan 'yan shekaru yakan tsaya da kauri kamar na kindirmo, kusan kashi 30 ƙasa, kashi 70 ruwa, kuma idan an bar shi haka zai iya shafe shekaru aru-aru bai bushe yadda mutum zai taka ba. A yau dagwalon da ya taru a tafkunan Albata ya haura lita tiriliyan 1, a kan filin da ya kai murabba'in kilomita ɗaruruwa.

Kwaltar da ta kuɓuce wa masana'anta takan bayyana tun a bakin bututun zubarwa, tana ɗauke da sauran iskar da aka hura mata. Iska ta kora ta gefe guda, ta taru a lungunan tafkin, ta haɗu da ganye da ƙura ta zama shimfiɗa mai kauri. Ma'aikata sukan ja dogon shinge na roba mai yawo a kan ruwa su kewaye ta, kamar yadda ake yi idan mai ya malala a teku, su tattaro ta wuri guda. Akwai injuna masu ganga ko faifai mai juyawa, wanda kwalta ke mannewa a jikinsa ruwa kuma ya zame, sai wata wuƙa ta kankare ta zuwa cikin mazubi. Inda ta yi tauri sai an sa katafila a kan jirgi mai faɗi ta riƙa ɗebowa da cokalinta, wani lokaci kuma sai an ɗumama ta kafin famfo ya iya janta. Aiki ne mai wahala da haɗari, a cikin wari, a kan ruwan da idan mutum ya faɗa ba shi da ƙasar takawa. Kuma ba zan rage masa daraja ba. Duk facin da aka kwashe tsuntsaye sun tsira daga gare shi, warin da iska ke kaiwa ƙauyuka ya ragu, ruwan da za a mayar masana'anta ya ƙara tsabta, kwaltar da aka riga aka kashe wuta da ruwa wajen haƙo ta kuma ba ta tafi a banza ba. Kamfanin da ya bar kwalta tana yawo a tafkinsa alhali yana da halin kwashewa ya yi sakaci, ba shi da uzuri.

Inda gizo ke saƙa shi ne halin kwaltar kanta. Fetur da kananzir sun fi ruwa sauƙi, dole su taso. Kwalta kuwa nauyinta kusan daidai yake da na ruwa, sau da yawa ma ta ɗan fi shi. Tana tasowa ne kawai idan iska ko man tsinkawa ya ɗago ta, da zarar sun rabu da ita, ko ta kwashi yashi a jiki, sai ta nutse. Amurkawa sun ga haka a watan Yulin 2010, lokacin da bututun kamfanin Enbridge ya fashe a jihar Mishigan, fiye da lita miliyan 3 na tsinkakkiyar kwalta ta shiga kogin Kalamazoo. Masu aikin ceto sun zo da shinge da injunan yaɗe mai, amma cikin 'yan kwanaki man tsinkawar ya bi iska, kwaltar ta kwanta a ƙasan kogi. Sai da aka yi shekaru ana yashe gindin kogin, aka kashe sama da dala biliyan 1. A tafkunan Albata kuwa abin har juyawa yake yi. Ƙananan halittu da ke cikin dagwalon suna cin ragowar man tsinkawa, suna fitar da iskar gas, ita kuma tana tasowa da kwaltar da ta daɗe a binne. Syncrude ya gwada rufe dagwalo da ruwa mai zurfi a wani tsohon ramin haƙa da ya mayar tafki a ƙarshen 2012, da fatan wata rana zai zama tafki mai rai. Shekaru bayan haka ana ta yaɗe kwalta daga samansa, wata na sake tasowa. A kwashe ta yau, gobe a tarar da sabuwa, domin rumbunta yana ƙasa. Kuma ko da za a kwashe ta kakaf, akwai gishiri da wasu sinadarai masu tsami da suka narke a cikin ruwan, waɗanda ke kashe kifi, babu shinge ko cokalin katafila da zai kama su.

Masu kare masana'antar suna da amsa, kuma ba ta banza ba ce. Suna cewa fasaha na ci gaba, shara ta jiya ita ce dukiyar gobe, kuma idan kwashewa ta zama sana'a mai riba to kasuwa da kanta za ta share tafkunan. Suna nuna wani kamfanin Kanada da a da ake kira Titanium Corporation, wanda ya ƙirƙiro hanyar tare dagwalon tun kafin ya isa tafki, a cire masa kwalta da man tsinkawa da wasu ma'adinai masu tsada. Suna kuma nuna tafkin farko na Suncor, wanda aka cike a 2010 aka shuka masa itatuwa. Sai dai a dubi misalan da kyau. Fasahar farko ƙarfinta yana wajen tarewa kafin zubarwa, wanda shi ne ainihin abin da nake kira a yi. Tafkin Suncor kuwa an buɗe shi ne a 1967, ke nan shekara 43 kafin a rufe, kuma dagwalon cikinsa famfo aka sa aka mayar da shi wasu tafkunan kafin a cike ramin da yashi. Riba tana bin abin da za a sayar ne, kuma ana sayar da kwalta, ba a sayar da taɓon yumɓu mai guba. Ranar da kuɗin kwashe ganga ɗaya ya fi kuɗin sayar da ita, ranar ce sha'awar ɗan kasuwa ke ƙarewa, ragowar aikin ya koma wuyan wani. Babban mai binciken kuɗi na lardin Albata ya bayyana a rahotonsa na 2015 cewa kuɗin jinginar da gwamnati ke riƙe da shi daga kamfanonin haƙa dala biliyan 1.57 ne, alhali gyaran wuraren an ƙiyasta zai ci dala biliyan 20.8. Wannan fa ƙasa ce mai kotuna masu ƙarfi da 'yan jarida masu bin diddigi. Duk da haka, da gurɓataccen ruwa ya fara tsatsafowa daga mahaƙar Kearl ta kamfanin Imperial a watan Mayun 2022, an shafe wata tara ba a yi wa al'ummomin asali da ke kamun kifi da farauta a ƙasan kogin cikakken bayani ba, sai da wasu lita miliyan 5.3 suka ƙara malala a farkon 2023 sannan magana ta fito.

To, ina ruwan gabashin Sakkwato, tunda kwaltar Nijeriya tana kudu? Gaskiya ne, yashin kwalta namu yana shimfiɗe ne daga Legas zuwa Ogun da Ondo da Edo, an san da shi a wurare irin su Agbabu tun farkon ƙarni na 20, kuma har yau ba a fara haƙarsa da yawa ba, shi ya sa kwaltar da ake malala wa titunanmu akasari daga waje ake shigo da ita. Amma ƙasar Rima ba fanko ba ce. A can zamanin da, teku ne ya rufe wannan yanki, har masana suka tono ƙasusuwan wata dabbar teku mai kama da kada a duwatsun wajen, suka sa mata suna Goronyosaurus saboda garin Goronyo. Shimfiɗun dutsen da tekun ya bari an raɗa musu sunayen garuruwanmu, Taloka da Dukamaje da Wurno da Dange da Kalambaina, kuma kowanne da abin da ya ƙunsa. Farar ƙasar Kalambaina ita ke ciyar da masana'antar siminti tun shekarun 1960. A shimfiɗun Dukamaje da Dange akwai jibsam, wani dutse mai walƙiya da ake haɗa siminti da shi, wanda talakawa suka daɗe suna tonowa da diga da shebur suna sayar wa dillalai. Akwai kuma ƙwayoyin fosfat, ma'adinin da ake yin takin zamani da shi, a daidai lokacin da Nijeriya ke sayo nata daga Maroko. Bayan haka, dokar man fetur ta 2021 ta ware kashi 30 cikin 100 na wani ɓangaren ribar kamfanin mai na ƙasa domin neman mai a sabbin yankuna, kuma kwarin Sakkwato yana cikinsu. Tun da aka ƙaddamar da aikin Kolmani tsakanin Bauchi da Gombe a watan Nuwamban 2022, 'yan siyasar arewa maso yamma ke tambayar yaushe za a zo nasu. Ko mai ya samu ko bai samu ba, duk inda injin haƙa ya tsaya sai an tona masa ramin zubar da taɓo da ruwan gishiri da tarkacen mai.

Fosfat ɗin ma ya fi kusa da labarin Kanada fiye da yadda ake zato. A ƙasarmu ƙwayoyinsa a warwatse suke cikin yumɓu, don haka duk wanda zai haƙe shi da yawa sai ya wanke, wankin kuma yana haifar da irin wancan dagwalo mai ƙin bushewa. A Togo, inda ake haƙar fosfat a Hahotoe tun farkon shekarun 1960, masana'antar wanki da ke Kpeme ta daɗe tana tura taɓonta cikin teku, ruwan gaɓar ya sauya launi, masu bincike kuma sun ba da rahoton lalacewar haƙoran yara a ƙauyukan kewaye. Togo tana da teku, ko da yake ba uzuri ba ne. Mu abin da muke da shi Rima ne. Idan kuma aka ƙara mataki aka kafa masana'antar narkar da fosfat, kowane tan ɗaya na sinadarin da ake nema yana barin kusan tan 5 na shara, wadda ake tarawa tsibi-tsibi da tafkin ruwa mai tsami a kai. A Piney Point da ke jihar Fulorida ta Amurka, kamfanin da ya mallaki irin wannan wuri ya karye a 2001 ya bar wa gwamnati. Shekara ashirin bayan haka, a 2021, tafkin ya fara yoyo, aka kwashe mazauna kewaye, aka saki wajen lita miliyan 800 na gurɓataccen ruwa cikin teku don gudun kada ganuwar ta fashe gaba ɗaya.

Yanzu a ɗora wannan hoto a kan taswirar yankinmu. Madatsar ruwa ta Goronyo, wadda aka kammala a 1984, tana iya riƙe ruwa kubik mita miliyan 942, kuma daga gare ta ake sakin ruwan da birnin Sakkwato da Birnin Kebbi ke sha, da wanda ake noman rani da shi a tsakiyar kwarin Rima. Ƙasa da ita ga Wurno, ribaɗin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello inda kabarinsa yake, da fadamarta ta shinkafa da albasa da tafarnuwa. Rabah, mahaifar Sardauna, tana bakin gulbin Sakkwato, wanda ke haɗuwa da Rima kusa da birni. A fadamun nan ruwan ƙasa kusa yake ƙwarai. Manomi yakan kafa bututu 'yan mitoci kaɗan, ya tayar da ɗan injinsa, ruwa ya bi kwalbatin da ya yi da fartanya daga fangali zuwa fangali, ya sunkuya ya sha da tafin hannu, 'ya'yansa su wanke albasa a nan, da yamma makiyayi ya kawo shanu su sha ragowar. Tsakanin ramin shara da bakin yaro babu matatar ruwa, babu ɗakin gwaji, sai yashi mai saurin tsotsewa. Sannan ga ambaliya. Waɗanda suka ga watan Satumban 2010, lokacin da ruwa ya shafe ƙauyuka da gonaki a Goronyo da Wurno da wasu ƙananan hukumomi ya yanke hanyoyi da gadoji, sun san abin da Rima ke iyawa idan ya cika. Ganuwar tafkin shara, wadda galibi da sharar kanta ake gina ta, ba ta kai ta madatsar ruwa ƙarfi ba. Wadda ta fashe a Brumadinho ta ƙasar Barazil ranar 25 ga Janairun 2019 ta kashe mutum 270. A gefe guda kuma akwai ƙishirwa: a 2018 ruwan Goronyo ya ja baya ƙwarai har hukumomi suka shiga fargaba, kuma masana'antar wanki abokiyar takarar manomi ce a kan wannan ruwa.

Akwai hujja ɗaya da na fi ɗauka da muhimmanci, domin tana da ƙamshin gaskiya. Ana iya cewa matsalar Kanada ta sanyi ce, ƙasar da ƙanƙara ke rufewa rabin shekara, yayin da a Sakkwato zafin Afrilu ke haura digiri 40, ruwan sama kuma 'yan watanni ne, don haka rana za ta busar da dagwalo a kyauta. Lalle za ta busar da samansa, kuma wannan dama ce da ya kamata injiniyoyi su yi amfani da ita. Amma ruwa ne kaɗai ke bin iska, gishiri da ƙarafa masu guba suna nan, sai ma ƙara ƙarfi da suke yi a cikin abin da ya rage. Ɓawon da ya bushe ya farfashe, hunturu ya zo ya ɗauke shi ƙura, ya kai shi cikin tukunya da hancin jarirai. Ba sai mun je nesa neman shaida ba. A 2010 likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka gano cewa gubar dalma ce ke kashe yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, irin su Dareta da 'Yargalma da Bagega. Ƙurar dutsen zinariya ce da ake niƙawa a busasshe cikin gidaje. Yara aƙalla 400 suka rasu, dubbai suka kamu, sai da aka kankare ƙasar tsakar gidaje aka binne, kuma Bagega ba ta sami nata gyaran ba sai 2013 saboda jiran kuɗi. A can arewa da mu, a Arlit ta Nijar, mahaƙar yuraniyom ta Cominak ta rufe a watan Maris na 2021 ta bar kusan tan miliyan 20 na shara a fili. Zafi yana sauya wa guba hanya ne kawai, daga ruwa zuwa iska, kuma damina na dawowa ta wanke abin da ya bushe zuwa fadama.

Wani zai ce duk wannan tsoratarwa ce ga yankin da talauci da rashin aiki suka yi wa katutu, inda 'yan bindiga suka hana noma a wasu sassan Rabah da Goronyo, kuma duk mai kawo jari ya kamata a yi masa shimfiɗa. Ban raina wannan magana ba. Matashin da ke cikin ramin jibsam daga safe zuwa la'asar don abin da bai kai ya kawo ba ya cancanci aiki mafi kyau, kuma takin da aka yi da fosfat ɗinmu zai taimaki manomanmu. Ina goyon bayan a haƙa. Amma rashin tsaron nan shi kansa dalili ne na tsaurara sharaɗi tun farko, domin wurin da jami'in duba muhalli ba zai iya zuwa a kai a kai ba, bai kamata a ajiye masa abin da ke buƙatar sa ido na shekara hamsin ba. Kuma ba sabuwar doka ake nema ba. Dokar nazarin tasirin ayyuka a kan muhalli tana nan tun 1992. Dokar ma'adinai ta 2007 ta wajabta wa kamfani ƙulla yarjejeniyar ci gaba da al'ummar da zai yi aiki a ƙasarta kafin ya fara, ta tanadi asusun kare muhalli da gyara shi wanda masu lasisi za su riƙa zuba kuɗi, ta kuma kafa kwamitin ma'adinai da muhalli a kowace jiha. Lasisi daga Abuja yake fitowa, amma fili yana hannun gwamna da masu gonaki, kuma sa hannun hakimi da dagaci da shugaban ƙaramar hukuma yana da nauyi. Abin takaici shi ne yawancin irin waɗannan yarjejeniyoyi suna ƙarewa ne a kan rijiyar burtsatse da ajujuwa biyu da guraben masu gadi, ba a ko ambaci inda ruwan wanki zai tafi ba.

Abin da ya kamata ya shiga takardar a bayyane yake. Kada a kafa tafkin shara ko ramin taɓon haƙa a cikin fadama, ko a duk inda ruwan 2010 ya kai, ko a saman madatsar Goronyo. Kamfani ya matse dagwalonsa da injin tacewa ya fitar da ruwan ya sake amfani da shi, ya tara busasshiyar sharar a kan shimfiɗar da ba ta yoyo, yana rufe ta da ƙasa kashi-kashi yayin da aiki ke tafiya. Wannan hanya ta fi tsada, amma manyan kamfanoni da dama sun karkata gare ta bayan Brumadinho, kuma a nan ne zafin ƙasarmu zai rage mata kuɗi. Kuɗin rufe wurin a ajiye shi tun ranar farko, tsaba ko lamunin banki da kamfani ba zai iya janyewa ba, ana ƙara shi gwargwadon yadda shara ke ƙaruwa, domin kamfani na iya karyewa ko ya sauya suna. Sakamakon gwajin ruwa kuma a riƙa karanta shi da Hausa a gaban jama'a, a fadar hakimi da gidan rediyo, a kan lokaci sananne. Idan bayan duk wannan wani ya zo da injin da zai ƙara tsamo abu mai daraja daga sharar, madalla, a ba shi hanya, amma kada a rage ko sisi daga jinginar saboda shi.

Akwai aiki ɗaya da ba sai an jira kamfani ba, kuma shi ya fi gaggawa. Duk shari'ar gurɓata ruwa takan tsaya ne a kan tambaya guda: yaya ruwan yake kafin mu zo? Kamfanonin Albata sun daɗe suna kare kansu da cewa kogin Atabaska yana ratsa yashin kwalta tun fil azal, saboda haka ba lalle daga gare su gubar ta fito ba, kuma ƙarancin cikakken awo na farko ya sa gardamar ta yi tsawo. A nan ma za a iya cewa fosfat da gishiri daga duwatsun Dange da Dukamaje suke. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tana da sassan nazarin ƙasa da sinadarai, Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima tana da ma'aikata a Goronyo. Idan gwamnatin jiha ta ɗauki nauyin su auna rijiyoyi da bututan fadama da ruwan gulbi daga Goronyo zuwa Wurno da Rabah, sau ɗaya da rani sau ɗaya da damina, na 'yan shekaru a jere, a buga sakamakon a ajiye kwafi a kowace ƙaramar hukuma, kuɗin ba zai kai na kilomita ɗaya na titin kwalta ba, kuma da wannan sakamako ne lauyan manoma zai tsaya gaban alƙali.